Babin da Na Ƙi Karanta wa Yaya

Alhamis, 3 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Littafin ya iso. Shekara shida muna jiransa, sai ga shi yau mai kawo saƙo ya dire min shi a kan teburin guga, tsakanin wandon wani da labulen wata, kamar ba komai ba. *Bayan Gadar Gishiri*, kashi na biyu. Yaya ce ta yi odarsa, amma adireshin shagon da nake aiki ta bayar. Ta ce tunda ta yi ritaya wuni take a gida ita kaɗai, in aka bar ta da shi ba ta amince da hannunta ba.

Ni ma ban buɗe ba. Dokarmu ke nan tun muna 'yan mata: ba mai buɗe littafi ita kaɗai. A bayyane muke karantawa, babi ɗaya ita, babi ɗaya ni, in mun tsaya mu danne shafin da abin maƙale shanya. Wadda ta leƙa gaba, wanke-wanken wata guda nata ne.

Da aka tashi na kai mata shi asibiti, bene na biyu, gado na huɗu daga ƙofa. Na ɗaga shi sama na ce, "Yaya, kin ga abin da ya zo?" Ta kalli littafin, ta kalle ni, ta juya min ƙeya.

Ba ta ce komai ba. Tun Talata da ɓarin jikinta ya shanye ba ta ce komai ba.

Juma'a, 4 ga wata, bakwai na safe

A shago na sha shayi, a tsaye. Har yanzu ban shiga kicin ɗinmu ba.

Asabar, 5 ga wata, biyar da rabi na yamma

Yau na ga malamar da ke koya wa marasa lafiya magana. Siririyar mace ce mai tabarau, da jaka cike da katuna masu hotuna. Ta ɗaga hoton cokali ta ce, "Mama, mene ne wannan?" Yaya ta yi mata irin kallon da take yi wa fasinjan da ya iso bayan jirgi ya tashi. Matar da ta yi shekara talatin da ɗaya tana sanarwa a tashar jirgin ƙasa, wadda ranar da lasifika ta lalace ta leƙo ta taga ta yi da bakinta har masu jarida a tsallaken titi suka ji, wai ita ake tambaya sunan cokali.

A waje malamar ta ce min kan Yaya garau yake, tana jin komai tana kuma fahimta. Hanyar da magana ke bi zuwa harshe ce ta toshe, kuma a makonnin farko aka fi samun buɗe ta. "Amma sai ta gwada," in ji ta. "Ko 'a' ta ƙi yi min. Ran ashirin da biyar za a duba kowa. Wanda ba ya motsawa ba ni da ikon riƙe masa lokacinsa, akwai mutane a layi."

Na ce, "Za ta yi." Da ƙarfi na faɗa har wata nas ta waiwayo. A mota kuma na yi ta ƙirga kwanakin da yatsu, ko da zan samu sun fi ashirin. Ba su fi ba.

Lahadi, 6 ga wata, bakwai na yamma

Na ci nasara a kanta yau, kuma zan rubuta don kada ta musa daga baya.

Na ja kujera, na buɗe littafin a gabanta, na ce, "Tunda kin ƙi karɓar babinki, zan karanta miki shi, amma aro ne." Ko motsi ba ta yi ba. Na fara.

Bari in ajiye bayanin nan, ko don ɗanta Injiniya da yake ce mana masu littafin aljanu. Labarin Masaƙiya ne, wadda ke saƙa ruwan sama a masaƙarta tana aika wa garuruwa. Maza biyu ke sonta. Akwai Mai Fito, da aka la'anta cewa ranar da ƙafarsa ta taɓa busasshiyar ƙasa zai zama gishiri, don haka a kwale-kwale yake kwana yake tashi. Akwai kuma Maƙeri, da ke saman hasumiya yana gyaran taurarin da suka faɗo. Marubuciyar babi ɗaya take yi a kogi, ɗaya a hasumiya. Yaya ce babba, ita ke farawa, don haka a kashi na farko duk babin kogi a bakinta suka faɗa, duk na hasumiya a nawa. Kowa ta kamu da son nata. Shekara shida ke nan tana ce min Maƙeri surutu ne kawai da gemu, ni kuma ina ce mata Mai Fito gungume ne aka miƙa wa filafilin tuƙa jirgi.

Na gama babi na ɗaya tana nan a juye. Na shiga na biyu. Daidai inda Maƙeri ya sauko daga hasumiya da tauraro a aljihu yana ƙona masa riga, sai na ji gado ya yi ƙara. Na saci kallo. Ta juyo! Idonta a rufe wai ita barci take, amma kunnen nan na hagu a waje yake, ta ma janye ɗankwali daga kansa.

Tsohuwar gado na uku, wadda aka yi wa aikin ƙugu, ta ce, "'Yar nan, ɗan ɗaga murya, mu ma muna ciki."

Talata, 8 ga wata, ɗaya na rana

Wallahi matar nan ta iya rubutu. Na ɗauka bayan shekara shida hannunta zai yi sanyi, ashe wuta ta tara. Maƙeri ya dawo da tabon ƙuna a fuska, ya rage fara'a, amma bakin nan yana nan. Da ya ce wa Masaƙiya ya daina gyaran taurari saboda duk wanda ya mayar sama haskensa a tagar wani yake sauka, sai da na ajiye littafin na yi tafi. Na ce, "Yaya, kin ji namiji?" Ta yi wani abu da gefen bakinta mai motsi. Na san shi, rabin tsaki ne.

Muna babi na shida. Tana cin rabin abincinta yanzu. Katunan malama kuwa ko kallo ba su ishe ta ba. Saura kwana goma sha bakwai.

Laraba, 9 ga wata, huɗu na yamma

Na karya doka.

Shago ba kowa, na'urar wanki tana ta juyi, littafin yana cikin jakata a ƙarƙashin tebur. Na ce shafi ɗaya kawai. Ban san lokacin da na kai babi na goma sha ɗaya ba.

Ruwan da Masaƙiya ta saƙa ya ƙwace mata, ya zama ambaliya. Masaƙar ta faɗo ta danne ta a kan tudu, kwale-kwale ba ya isa wurin. Taku bakwai ne tsakaninsu. Mai Fito ya ƙirga su da ido, ya ajiye filafili, ya fita. Gishirin yana hawa masa tun daga ƙafa, yana tafiya. Ya ɗauko ta, ya dawo, a taku na ƙarshe ya miƙa ta cikin jirgi daga inda ya ƙame. Abin da ya ce mata duka shi ne, "Riƙe filafilin da kyau." Ruwan saman nata ne ya narkar da shi.

Ni da na yi shekara shida ina zagin bawan Allahn nan, ni ce na zauna a kan kwandon kayan wanki ina kuka kamar an aiko min da mutuwa. Na manta dutsen guga a kan kwalar rigar wani. Sai da maigidan shago ya shigo yana ihu, "Auta, gobara za ki yi mana?" na farga.

Littafi ne mai kyau. Na tsane shi.

Alhamis, 10 ga wata, takwas na safe

Injiniya ya kira daga wurin aikinsa. "Inna, likita ya ce kada a tayar mata da hankali, ko kaɗan." Na ce na ji.

Ba zan karanta mata wannan babin ba. Wadda ta kwana tara a kwance, hannun dama a yashe a gefe kamar ba nata ba, ba ni zan kashe mata mutum a kunne ba. Na samo takarda uku cikin waɗanda muke naɗe riguna da su, na yanke daidai girman shafi. Zan rubuta nawa babin in saka a ciki. Shekara arba'in ina karanta irin littattafan nan, in ban iya shafi uku ba ai na yi asara.

Asabar, 12 ga wata, shida da rabi na yamma



Na karanta har inda ya ajiye filafili, sannan na zame cikin takarduna ba tare da na sauya murya ba. A nawa babin, ya taka ƙasa bai zama komai ba, saboda so ya karya la'anar. Ya ɗaga masaƙar da hannu ɗaya. Ya durƙusa a gabanta ya ce, "Ya hasken idona, ya sanyin zuciyata, na yi shekaru ina kallon inuwarki a kan ruwa," haka dai har shafi ɗaya da rabi. Ni kam da nake rubutawa har tsigar jikina ta tashi.

Tsohuwar gado na uku ta ce, "Allah sarki!"

Sai na ji ƙarfe ya yi ƙara. Yaya ce take dukan gefen gado da hannun hagu. Fuskarta ta yi jawur, jijiyar wuya ta tashi, bakinta yana buɗewa yana rufewa. Na ce, "Yaya, ai daɗi ne, ya tsira!" Ta lalubo kofin ruwa ta wurgo min. A kafaɗa ya same ni. Wani sauti ya fito mata daga maƙogwaro, ban taɓa jin irinsa ba, kuma ba na son in siffanta shi.

Wata doguwar nas mai aikin yamma ta zo ta ce in fita. Na fita da rigata jiƙe.

Lahadi, 13 ga wata, sha biyu na rana

Ban je ba. Na goge zanen gado goma sha biyu da ba su buƙatar guga.

Litinin, 14 ga wata, biyu na rana

Jiya da yamma na ɗauko kashi na farko daga ɗakinta na bi babin kogi ɗaya bayan ɗaya, waɗanda ban taɓa karantawa da bakina ba. Gaskiya in faɗa, in tana karanta su nakan yi ta yankan farce ina jiran nawa. Shafi ɗari huɗu, Mai Fito bai taɓa haɗa kalma fiye da shida a jere ba. Bai taɓa ce mata yana sonta ba. Matashi yake ajiye mata a inda ruwa ba ya fantsama, shi ke nan. Ni kuma na ɗauki bakin Maƙeri sukutum na liƙa masa. Kafin ya gama "ya hasken idona" ta riga ta kama ni.

Tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, bari in rubuta wancan ma. Litinin ɗin da ta gabaci Talatar nan, muna shanya, muka yi musun da muka saba. Na ce mata, "Bari na biyu ya fito, bakinki zai mutu murus." Ta yi dariya ta ce za mu gani. Washegari na dawo daga shago na tarar da buta tana ta kuka a kan wuta, ita kuma a yashe a ƙasan kicin.

Na rubuta. Ba zan sake ba.

Litinin ɗin dai, shida na yamma

Na je, ina rarrafe da ido kamar ɓarauniya. A bakin matakala malamar magana ta tare ni.

"Me kika yi mata ranar Asabar?"

Na ce na tuba, ba zan ƙara ba.

"A'a, me kika yi? Nas ta rubuta cewa ta fitar da murya. Kwana goma sha ɗaya ina nema ban samu ba."

Na ba ta labari duka, har da takardun naɗe riga. Ta cire tabarau ta yi dariya har ta dafa bango. Ta ce za ta tambayi likita, in ya yarda, a riƙa auna jininta kafin da bayan karatu. "In ya ce to, ki ƙara yi mata ƙarya. Amma kaɗan-kaɗan, Inna, kada ki zuba duka."

Ya ce to.

Ashe abin da na fi iyawa a duniya shi ake nema. Yaya ta sha faɗa cewa tun ina shekara biyar ba a kama ni da gaskiya sau biyu a rana ɗaya ba.

Talata, 15 ga wata, bakwai na yamma

Na shiga da fara'ata kamar ba abin da ya faru. Ta watsa min harara. Na buɗe littafi, na gyara murya, na ce, "Babi na goma sha biyu. Washegari Mai Fito ya tafi kasuwa sayen takalmi."

Gado ya sha duka. "Mmm!"

"Ya gwada ja, ya gwada baƙi, ya ce wa mai shago, ɗan'uwa, ba ka da mai tsini?"

"Mmm! Mmmm!"

Jininta bai hau ba sai kaɗan. Malama tana bayan labule tana rubutu. Na fito ina tafiya kamar wadda aka ƙara wa girma a wurin aiki.

Alhamis, 17 ga wata, ɗaya na rana

Yau na ce ashe Mai Fito bai iya iyo ba, tsoron ruwa yake, shi ya sa ba ya magana, amai yake dannewa. Ta ce "A!" Sarai, a buɗe. Sau uku.

Tsohuwar gado na uku ta rikice. "Wai ni kam, mutumin nan ba jiya ya buɗe shagon shayi ba?" Na ce littafin ne haka, Baba, sai an bi a hankali. Yaya ta kalle ta, ta nuna ni da yatsa, ta girgiza kai. Har shaida take nema a kaina.

Saura takwas.

Asabar, 19 ga wata, biyar na yamma

Ba komai yau. Na kawo ƙaryar da na kwana biyu ina gyara ta, ko ɗaga ido ba ta yi ba. Hawaye kawai ke bin gefen fuskar da ba ya motsi. Na rufe littafi na shafa mata mai a ƙafa. Anya ba azabtar da ita nake ba?

Lahadi, 20 ga wata, huɗu da kwata na yamma

Ta yi! Ta yi! Ta yi!

Bari in natsu in rubuta daidai. Na shiga ban yi niyyar tsokana ba, saboda jiya. Na zauna ina ɓare mata lemo. Sai ta miƙa hannun hagu ta buga jakata, inda littafin yake. Na ce, "Kin tabbata?" Ta sake bugawa. To, ke kika nema.

Na buɗe ko'ina, na ce, "Sai Mai Fito ya dubi Masaƙiya ya ce, gaskiya Maƙeri ya fi ni komai, ya fi ni kyau, ya fi ni hankali, kuma duk matar da ta zaɓe ni a kansa ba ta san littafi ba."

Ta ja numfashi. Na ga leɓenta yana neman wuri, harshen yana kai da komo. Ban taimaka mata ba. Wallahi zuciyata kamar ta faɗo, amma na ƙura wa shafi ido na ci gaba, "musamman masu aikin tashar jirgi..."

"...arya."

Na yi kamar ban ji ba. "Na'am?"

"Ƙ... ƙarya!"

Lemon ya gangara ƙarƙashin gado. Tsohuwar gado na uku ta saki salati. Ni kuwa na tashi tsaye a tsakiyar ɗakin, mace mai shekara hamsin da huɗu, ina tsalle ina cewa, "Eh, ƙarya ce! Ƙarya nake yi! Ƙara faɗa!" Ta ƙara. Sau biyar ta ce min maƙaryaciya a taƙaice, kuma tunda uwarmu ta haife ni ba a taɓa yi min yabon da ya kai wannan daɗi ba.

Talata, 22 ga wata, takwas na safe

Kalmominta zuwa yanzu: ƙarya, a'a, ruwa, ke, tashi. "Tashi" ni ake ce wa, in na zauna mata a kan bargo.

Ta karɓi katunan malama jiya. Da aka ɗaga cokali ta ce "cokali" a karo na huɗu, sannan ta kalli malamar ta ƙara da "mana". Na shiga kicin da safen nan na dafa shayi. Butar ta ƙone a gindi, na jefar da ita.

Juma'a, 25 ga wata, uku na rana

An duba. An bar mata lokacinta, har an ƙara mata rabin awa ranar Laraba. Malama ta fito ta ɗaga min babban yatsa daga nesa. Na kira Injiniya na kara mata wayar a kunne. Ya yi ta zuba, Mama kaza, Mama kaza. Ta bari ya gama ta ce, "Aski." Ya tura mata hotonsa jiya, gashin ya yi yawa. Ƙato da shi, na ji yana jan hanci.

Na saya wa kaina sabon takalmi a hanya. Mai tsini.

Asabar, 26 ga wata, shida na yamma

Na san ranar nan za ta zo. Na fito da littafi, ta dafe shi da hannun hagu, ta zazzage shi. Takarduna uku suka zubo a kan bargo. Ta ture su ƙasa ɗaya bayan ɗaya, tana kallona.

"Gas... kiya."

Na ce, "Yaya, babin ba daɗi."

"Karanta."

Na ce likita ya ce, Injiniya ya ce. Ta ɗaga yatsa ta nuna kanta. Ta daɗe tana haɗa abin, na ƙyale ta.

"Ni... babba."

Na karanta. Taku bakwai ɗin duka, ban tsallake ko ɗaya ba. Muryata ta karye a na biyar. Da na zo inda zai yi magana, ta dafa min hannu in tsaya. Ta jawo littafin gabanta, ta ɗora yatsa a kan layin. Babin kogi ne, nata ne. Ta fi minti biyu a kan kalma huɗu, "filafilin" ya ba ta wuya har ta yi gumi, amma ta kai ƙarshe.

"Riƙe... filafilin... da kyau."

Ta yi kuka, na yi, tsohuwar gado na uku ta fi mu duka. Amma kukan Yaya ba irin na ranar Asabar ɗin can ba ne. Da ta share fuska sai ta buga ƙirji, tana murmushi da rabin baki, ta ce, "Nawa." Wato nata gwanin ne ya yi wannan, ina nawa? Na ce ban da abin cewa. Na kuma amsa laifin leƙe, wanke-wanken wata guda yana kaina in ta dawo gida. Ta ɗaga yatsu biyu. Na ce zalunci ne. Ba ta sauke su ba.

Laraba, 30 ga wata, ɗaya na rana

Ita ke karanta layin farko na kowane babin kogi yanzu, ni in ƙarasa. Jiya layi biyu ta yi. Maigidan shago ya ce kwana biyu waƙa nake a kan guga, in rage, kwastomomi na tsorata.

Lahadi, 4 ga sabon wata, biyar na yamma

Mun gama.

Masaƙiya ba ta auri Maƙeri ba. Ita ta zama mai fito, shi kuma ya rataya mata tauraro ɗaya a kan kogin don ta riƙa ganin hanya. Na rufe littafin na rungume shi a ƙirji. Na ce wannan shi ne littafi mafi kyau da na taɓa karantawa, kuma duk wanda ya ce ba haka ba mu haɗu a waje. Na juya na ce, "Yaya, ya kika gani?"

Ta gyara zama. Tana tattara kalmominta, ni da tsohuwar gado na uku muna jira. Sannan ta taɓe baki.

"Na farko... ya fi."

Jimla guda, cikakkiya, da kai da ƙafa. Na san ya kamata in rungume ta. Amma maganar ba gaskiya ba ce, kuma ba zan bari ta wuce ba. Na ce ina aka taɓa, na farko da ya yi shafi sittin ana kwatanta hasumiya? Ta ce, "Naki... ne." Na ce to ambaliyar fa? Ta ce, "Gaggawa." Na ce ke dai haushi kike ji an narkar miki da gungume. Ta ce, "Ke! Auta!" da wata murya da ta fito tun daga ciki, har gilashin taga ya amsa, mai jinyar gado na ɗaya ta zabura ta zubar da shayi.

Doguwar nas ta leƙo, fuska a ɗaure.

"Gado na huɗu, don Allah a rage surutu. Akwai marasa lafiya."

Na tashi na bi ta har ƙofa. Na ce, "'Yata, don girman Allah, wane gado kika ce?"